Ciwon baya a bodar Jibiya: kafin a sayi na'urar tausa, a duba abin da waya za ta iya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, inda hanyar Katsina ke miƙewa ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ya san cewa rabin kasuwancin wurin a gadon bayan mutane yake tafiya. Tirela ta tsaya, 'yan dako su ɗare, buhu mai kilo 50 ya sauka a wuyan saurayin da bai daɗe da fara aske gemu ba. Ɗan acaba ya ɗaure jarkoki masu lita 25 gaba da baya, ya bi hanyar da ba ta san kwalta ba. Direba ya kwana biyu a kujerar mota yana jiran takardun kwastan. Ɗan canji ya wuni a kan benci, naira a dama, sefa a hagu, kai a sunkuye kan waya. Idan magariba ta yi, da yawansu sai sun dafa ƙugu kafin su miƙe.

Ciwon kansa tsohon labari ne. Sabon abu shi ne kasuwar da ta taso a kansa. A TikTok da Facebook ana ta tallan bindigar tausa mai caji, da bel ɗin ƙugu mai ɗumi, da 'yar na'urar nan mai manne-manne da ke tsikarar fata da lantarki, da abin hannu mai maganaɗisu, da majanyin da aka ce yana miƙar da kafaɗa. Kowanne da bidiyonsa na tsoho yana ɗingishi, a manna masa abu, ya tashi yana tsalle. Masu sayen kuwa galibi matasa ne, don su ke riƙe da wayar, su ke da manhajar banki. Wani kansa yake saya wa, wani Baba, wani Inna da gwiwa ta hana ta sujada.

Matsayin wannan rubutu shi ne: yawancin kuɗin nan asararsu ake yi. Abin da ya fi kowane tasiri a kan ciwon baya da ciwon gwiwa da suka daɗe shi ne motsa jiki mai tsari, wanda masani ya tsara kuma aka dage a kai. Na'urar da ta fi dacewa ta kai wannan tsari gari irin Jibiya kuwa tana nan cikin aljihu, an riga an biya kuɗinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne ke fama da larurar ƙashi, gaɓoɓi ko tsoka a duniya. Ciwon ƙasan baya kaɗai ya kama mutum miliyan 619 a shekarar 2020, ana kuma hasashen zai kai miliyan 843 nan da 2050, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane daga aiki. A Disamban 2023 hukumar ta fitar da jagorarta ta farko kan yadda za a kula da ciwon bayan da ya wuce wata uku ba tare da tiyata ba. Ga masu sha'awar na'urori, jerin abin da ta ce kada a mayar abin yi ya fi ɗaukar hankali: bel da majanyin ƙugu, jan baya da inji, na'urar tsikara da lantarki wadda ake kira TENS, da magungunan kashe zafi dangin tramadol. Hukumar NICE ta Ingila ta riga ta faɗi kusan haka tun 2016, sannan a 2022 ta ƙara da cewa ga ciwon zaizayar gwiwa, motsa jiki da rage ƙiba ga mai ƙiba su ne ginshiƙin magani. A ɓangaren abin da aka amince da shi akwai wayar da kan majiyyaci, atisaye mai tsari, da magunguna irin su ibuprofen na ɗan lokaci. Tausa ma tana ciki, don haka ba za a ce bindigar tausa ba ta da daɗi ko kaɗan ba. Tana sassauta tsoka na awa ɗaya ko biyu. Gobe da safe dai bayan yana nan yadda yake, buhun ma yana nan.

Dalilin da ya sa motsi ke aiki ba boyayye ba ne. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi a gwiwa ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake zuwa, kuma ruwan yana shiga yana fita ne idan ana dannawa ana saki, kamar soso a cikin kwano. Gwiwar da aka ajiye wuri ɗaya don tsoron ciwo yunwa take sha. Ga kuma tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke tare nauyi kafin ya isa gaɓar. Mako biyu ko uku na kwanciya sun isa ta fara zubewa, idan ta zube gwiwa ta ƙara ɗaukar duka, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara kwanciya. Haka abin ke zagayawa. Baya ma haka ne: tsokokin ciki da na gefen ƙashin baya su ne bel na gaskiya, kuma bel ɗin kasuwa ba ya ƙara musu ƙarfi ko na sisin kwabo.

Akwai wani abu da ke tsorata mutane fiye da ciwon, wato hoton asibiti. Mutum ya tara kuɗi ya je Kano a saka shi a injin MRI, takarda ta fito da kalmomin Turanci masu nauyi, a ce masa faifan bayansa ya goce ko ya lalace. Daga ranar ya daina sunkuyawa, ya daina tafiya mai nisa, ya fara zama kamar kwalba. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da alamar zaizayar faifan baya, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Wato abin da hoton ke nunawa sau da yawa furfura ce ta cikin jiki. Wannan bayanin kaɗai, idan aka yi wa mutum shi da harshen da yake ji, yana rage tsoro, kuma tsoron motsi na cikin abubuwan da ke tsawaita ciwon baya.

Matasa ma suna da tasu tatsuniyar. Akwai hoton nan da ke yawo na wuya a sunkuye kan waya, an rubuta cewa kai yana zama kilo 27. Lissafin ya fito ne daga wani likitan tiyata a New York a 2014, kuma da kwamfuta ya yi shi, ba da bin diddigin mutane ba. Da masu bincike a Brazil suka auna matasa a 2018, ba su ga alaƙa tsakanin yadda suke sunkuyar da kai da ciwon wuya ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne daɗewa a yanayi ɗaya, ko wane iri ne, shi ke gajiyar da jiki. Ɗan canjin da zai riƙa miƙewa yana zagaya rumfa duk bayan rabin awa ya fi wanda ya sayi majanyin kafaɗa ya ci gaba da zaman dirshan.

To amma a Jibiya abokin takarar motsa jiki na gaske ba bindigar tausa ba ce, ƙwaya ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe zafi irin tramadol da kodin suka sha ba da umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan rahoton BBC da ya girgiza Kano. NAFDAC ta amince ne da tramadol mai miligiram 50 da 100, amma wanda NDLEA ke yawan kamawa mai 200 ne da 225. Ba kowane mai sha ne ya fara don neman maye ba. Da yawa baya ne ya riƙe musu ranar da akwai lodi, wani ya miƙo musu ƙwaya ɗaya, aiki ya tafi. Bayan wata shida ɗaya ba ta isa, bayan shekara ba a iya tashi sai da ita. Wanda ya tsallake wannan kuma yakan faɗa wa haɗin mai kemis ko mai tallan magani a faranti: ja ɗaya, fari biyu, rawaya ɗaya, a ƙulle a leda ba suna. A irin wannan haɗin ake cin karo da diclofenac a kan ibuprofen, wanda shan su kullum ke huda ciki ya taɓa ƙoda, wani lokaci har da dangin dexamethasone, wanda idan aka daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya hau da sukari, ya kuma rage ƙarfin ƙashin da ake cewa ana yi wa magani.

Yanayin bodar ma yana da hannu. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Da aka buɗe wasu a Disamban 2020, Jibiya ba ta ciki, sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ƙofa ta sake rufewa har Maris ɗin 2024. Idan ƙofa ta rufe kaya ba sa daina tafiya, hanya suke canzawa, daga tirela su koma kan babur da kan mutum a daji. Idan ta buɗe kuma kowa yana son ya mayar da abin da ya rasa, babu mai maganar hutu. Jikin da ke aiki a haka, wata uku zaman banza, wata uku aikin jaki, shi ne ya fi saurin samun rauni.

A nan ne mai hankali zai yi tambayar da ta dace: ɗan dakon da ya wuni yana ɗaukar buhu, wane motsa jiki kuma za a ce ya yi? Ai ya fi mai zuwa gidan atisaye zufa. Tambayar tana da ƙarfi, kuma masu bincike a Denmark sun daɗe suna nuna cewa aikin ƙarfi na wuni guda ba ya ba jiki amfanin da atisaye ke bayarwa. Aiki motsi ɗaya ne ake maimaitawa sau ɗari, a gajiye, da nauyin da mai kaya ya zaɓa, ba hutu tsakani. Atisayen gyara kuwa ana zaɓar tsokar da ta yi rauni, a fara da abin da za ta iya, a ƙara kaɗan-kaɗan, a ba ta lokacin murmurewa. Duk da haka dole a faɗi gaskiya: babu manhajar da za ta rage nauyin buhu. Baro, da ɗaukar mutum biyu, da raba lodi, da ranar hutu, magana ce ta shugabannin 'yan dako da masu kaya, kuma wanda ya ce waya za ta maye gurbin wannan yaudarar mutane yake.

Abin da waya za ta iya cikewa shi ne giɓin nisa. Ƙwararrun gashin ƙashi, waɗanda ake kira likitocin fisiyo, a manyan asibitoci suke: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, Asibitin Janar Amadi Rimi, sai a Kano Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano. Daga Jibiya zuwa Katsina ya haura kilomita 40, ga shingayen bincike, ga fargabar hanya a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Tsarin atisaye irin GLA:D, wanda aka fara a Denmark a 2013 don masu ciwon gwiwa da ƙugu, zama 12 ne cikin mako shida. A lissafa kuɗin mota sau 12, a haɗa da kuɗin ranar aikin da aka rasa sau 12. Mai ɗaukar buhu ba zai je ba, kuma ba taurin kai ba ne, lissafi ne. Shi ya sa yake komawa wurin wanzami a yi masa ƙaho, ko wurin maɗori, ko wurin mai faranti, don su suna kusa kuma suna jin Hausa.

Shin ganawa ta waya tana kai ta ido da ido? An gwada. A 2024 mujallar The Lancet ta buga gwajin PEAK na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, inda aka raba masu daɗaɗɗen ciwon gwiwa gida biyu, wasu suna zuwa wurin likitan fisiyo, wasu suna ganinsa ta bidiyo, kowa sau biyar cikin wata uku. Sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya na masu bidiyo bai gaza na masu zuwa asibiti ba. A shekarar dai aka buga gwajin WalkBack, na mutum 701 da suka taɓa ciwon baya suka warke. Waɗanda aka tsara wa tafiyar ƙasa tare da bayani sun kai kwana 208 a matsakaici kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Tafiya ce kawai, babu inji.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Chidozie Mbada da abokan aikinsa sun yi ƙaramin gwaji da aka buga a 2019, suka kwatanta atisayen baya a asibiti da irinsa ta manhajar waya, sakamakon ya zo kusa da juna. Wanda ya fi kusa da gida shi ne aikin Aminu Alhassan Ibrahim da malamansa na Jami'ar Bayero, a ƙauyen Tsakuwa da ke Dawakin Kudu a Jihar Kano. Sun ɗauki mutum 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya, mutanen karkara, suka raba su uku: wasu aka yi musu bayani da Hausa kan ciwon, wasu aka koya musu atisayen tsokokin ciki da baya, wasu aka haɗa musu duka biyun, na tsawon mako takwas. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna waɗanda aka haɗa wa bayani da atisaye su suka fi samun sauƙi. Wannan gwajin ba da waya aka yi shi ba, a asibitin ƙauye aka yi. Muhimmancinsa shi ne darasin ya riga ya samu da Hausa, an gwada shi a kan manoma, ya yi aiki. Abin da ya rage shi ne a ɗauke shi a bidiyo ya shiga aljihun mutane.

Sai dai wanda zai gina wa Jibiya irin wannan abu ya tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya na ciki, aka shafe makonni babu kira balle data. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, mai neman imel da katin banki, mai cin megabait ɗari biyu a itel ɗin da memorinta ya cika, ba ta wurin ba ce. Kamfanoni irin su Hinge Health da Sword Health a Amurka suna amfani da kyamara da na'urorin gane motsi su gyara wa mutum tsayuwa, abin sha'awa, amma an gina su ne don ma'aikacin da inshora ke biya masa. Abin da zai yi aiki a Magama ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba: gajerun bidiyo na minti ɗaya ko biyu, da murya ba rubutu ba, marasa nauyi yadda za a tura ta Xender ko Bluetooth a rumfar mai caji, namiji yana nuna wa maza, mace tana nuna wa mata cikin suturar da za a iya kallo a tsakar gida. Sai lambar WhatsApp ta likitan fisiyo mai rajista da hukumar MRTB, wanda aka gani ido da ido sau ɗaya a Katsina, daga nan a riƙa tura masa saƙon murya duk mako. Hausar kuma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Bidiyon da aka yi don Jibiya zai yi wa ɗan kabu-kabu a Maraɗi amfani ba tare da an canza kalma ɗaya ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin matasan da suka koyi haɗa manhaja a shirin 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, idan suka haɗa kai da sashen fisiyo na Jami'ar Bayero ko Ƙungiyar Likitocin Fisiyo ta Najeriya ba. Sharaɗin shi ne masanin lafiya ya rubuta abin da za a faɗa, mai manhaja ya tsaya a kan nasa. Akwai kuma amanar da ba a cika magana a kai ba. Bidiyon uwa tana ɗaga ƙafa a kan tabarma ba abin da za a jefa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba ne. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta saka bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ko babu doka, gida ɗaya da bidiyonsa ya fita ya isa ya sa gari duka ya juya wa abin baya.

Haɗarin wayar a bayyane yake, don ta ƙofar da bayani mai kyau ke shiga, ta nan na banza ke shiga. Akwai masu farar riga a TikTok da ba wanda ya san makarantar da suka yi, kowa da atisayen da ke “warkar da ciwon baya cikin kwana uku”, a ƙarshe kuma akwai kwalbar da za a saya. Babbar illarsu ita ce suna sa a ɗauka kowane ciwo iri ɗaya ne. Ciwon baya tare da zazzaɓi, rama da zufar dare na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida su ƙwace, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi kamar garwashi, asibiti. Mai sikila da ƙugu ya fara yi wa ciwo yana ɗingishi ya nemi hoto, don kan ƙashin cinyarsa na iya rasa jini. Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga babur ma sai an duba karaya tukuna.

Sai kuma abin da ake tattarawa a kira sanyin ƙashi, alhali cututtuka ne daban-daban. Macen da yatsun hannunta biyu ke kumbura, su sandare da safe sama da awa ɗaya kafin su saki, wataƙila tana da amosanin gaɓoɓin da garkuwar jiki ke haddasawa. Mutum miliyan 18 ne ke da shi a duniya a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Atisaye yana taimaka mata ƙwarai wajen riƙe ƙarfin hannu da rage gajiya, amma ba ya tsayar da cutar. Tana buƙatar magani irin methotrexate daga hannun likita, da gwajin jini a kai a kai, kuma duk watan da aka ɓata ana shafa man zafi gaɓa ce ke lalacewa ba dawowa. Saurayin da bayansa ke tashinsa cikin dare, ya sandare da asuba, ya sassauta idan ya fara aiki, shi ma nasa daban ne da na ɗaukar kaya, ya kamata likita ya ji wannan bayanin daidai yadda yake.

Ga wanda aka duba aka ce nasa ciwon baya ne ko zaizayar gwiwa na yau da kullum, kayan aikin ba su wuce benci, tabarma da waya ba. Tashi da zama daga benci ba tare da dafa gwiwa ba. Kwanciya rigingine a miƙe ƙafa ɗaya a ɗaga, a riƙe, a sauke a hankali. Lanƙwasa gwiwoyi a ɗaga ƙugu sama. Durƙusawa da hannu da gwiwa a miƙe hannun dama da ƙafar hagu, sannan a juya. Da tafiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsi irinta a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ƙa'idar da likitocin fisiyo ke bayarwa ita ce ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi, muddin ya lafa zuwa washegari. Idan bai lafa ba a rage, kada a daina. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan sai an ba abin mako shida zuwa goma sha biyu kafin a yanke masa hukunci. Ga mai ƙiba akwai ƙarin riba: kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Wurin da yawancin mutane ke faɗuwa shi ne mako na uku, lokacin da ɗoki ya ƙare sauƙi bai gama zuwa ba. A nan ne wayar da ba ta da wata manhaja ta musamman ke da amfani. Ƙararrawa bayan sallar asuba da bayan la'asar. Manhajar ƙirga taku, wadda ke aiki da na'urar gane motsi da ke cikin kusan kowace Tecno da Infinix, ba ta buƙatar data. Agogon gudu kuma ya isa a yi gwajin da asibitoci ke yi wa tsofaffi: a zaunar da Inna a kujera mai ƙwari a jikin bango, hannaye a ƙirji, wani ya tsaya kusa, a ƙirga sau nawa za ta tashi ta zauna cikin daƙiƙa 30. Ɗanta ya rubuta adadin a waya kowace Juma'a, tare da abin da ta iya a makon: ta kai rijiya, ta yi ruku'u ba jingina, ta kwana ba ta nemi ƙwaya ba. Idan bakwai ya zama goma cikin wata biyu, ita da kanta za ta gani. Idan ya tsaya cak ko ya ragu, wannan jerin lambobin shi ne abin da za a buɗe wa likita a Katsina, ya fi masa amfani a kan “jikin dai sai a hankali”.